Kusurwa Ta Huɗu

Mista Lipski ya tsaya a bakin ƙofarmu da farar rigar a hannu, yana numfashi da ƙyar. Hawan bene ɗaya ne tsakanin gidansa da namu, amma ya gajiyar da shi.

"Tayyiba, wa ya yanke?" ya tambayi Umma.

Umma ta goge hannu a zaninta. "Ni ce, Baba. Na ga zare yana reto a kusurwoyin, na ce tsufa rigar ta yi. Gyara maka na yi."

Bayahude ne, ya haura tamanin, matarsa ta rasu tun kafin mu zo garin Gaithersburg a Amurka. Da ciwon zuciya ya kama shi, Umma ta riƙa haɗa wankinsa da namu. Rigar mara hannu ce, mai kusurwa huɗu, a cikin shat yake sa ta, zaren yana leƙowa ta ƙugunsa. Umma ta bi huɗun da almakashi, tsaf.

Bai yi faɗa ba. Ya zauna.

"Tsitsit ake ce masa. An umarce mu mu sa, don in mun gan shi mu tuna dokokin Ubangiji. In idona ya ja ni wani wuri, sai in sunkuya in gan shi."

"Kamar carbi," in ji Umma, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Carbinki a jaka yake kwana. Wannan ba ya barin mutum."

Na ce a sayo wata. Ya ce matarsa ce ta ɗinka wannan. Kuma ba a sa ta sai zaren huɗun ya cika.

Sabon zare ya zo ta gidan waya. Ni a lokacin na gama sakandare, ina lodin kaya a wani kanti da yamma, safiya kuwa zaman banza. Na sauka na same shi yana ƙoƙarin ɗaurawa, zaren yana kuɓuce masa.

"Kawo in ɗaura maka."

"Bai halatta ba, Khalil. Sai hannun Bayahude."

"To ni me zan yi?"

"Riƙe mini gefen. Ka yi shiru kuma. Wannan dai ka iya."

Na riƙe. Ya ƙulla, ya naɗe, ya sake ƙullawa, yana motsa leɓe. In ya ɓata, ya warware ya faro. Umma ta daina shiga ɗakin. Sai ta ba ni miya a kwano ta ce, "Nawa suka rage?"

Ya gama uku. Washegari Umma ta same shi a yashe a ƙasan kicin.

A asibiti ya farfaɗo, ya taɓa ƙugunsa, ya dube ni. Na ce, "Saura ɗaya." Ya rufe ido.

Ɗansa Ari ya taso daga Seattle. Na kai shi teburin uban, na shimfiɗa masa rigar. Ya daɗe yana kallonta.

"Ya koya mini ina ƙarami. Na manta."

"Ni na iya," na ce. "Amma ba ni da izini."

Na riƙe gefen, ina faɗa masa inda zai ƙulla da inda zai naɗe. Yatsunsa manya, na mai kwamfuta. Ya ɓata, muka warware. Ya ce a bar shi haka. Na ce tsohon zai gane. Muka sake.

Da muka isa asibitin, Umma na zaune a bakin ɗakin, takalmanta a hannu. Tsohon ya riga ya cika. An kashe na'urorin, an zuge labule.

Ari ya shiga ya ɗora rigar a kan kujerar gefen gado. Zaren kusurwa ta huɗu ya zubo, ƙullinsa a karkace, bakinsa yana taɓa ƙasa. Umma ta miƙa hannu za ta ɗaga shi, sai ta janye.