Kakata a Cikin Kwalin Baba Wiebenga

A shekarata ta farko a jami'a, a birnin Groningen, wani littafi ya ba ni wahala. Malaminmu ya ce kowa ya karanta shi kafin jarrabawa, alhali guda biyu ne kacal a laburare, kuma an riga ni. Sjoerd, wanda muke haya a gida ɗaya, ya ce, "Hau kekenki mu je wajen Baba Wiebenga. In dai an taɓa buga abu a takarda, to yana kantinsa."

Kantin ɗan tsukuku ne a bakin ruwa. Nan da nan tsohon ya zaƙulo min littafin, bangonsa duk ya yage. Ina jiran ya naɗe min sai na yi tuntuɓe da wani kwali cike da kaset-kaset na bidiyo. A jikin ɗaya an rubuta sunan ƙauyenmu da hannu, a ƙasa kuma: gasar ƙanƙara, 1963.

Tun muna yara kakata Jeltsje take ba mu labarin wani mai kyamara da ya ɗauke ta tana tseren zamiya a kan ƙanƙara, wai ta zo ta ɗaya. Ba wanda ya taɓa ganin fim ɗin, kawunnaina ma dariya suke mata.

"Baba, nawa ne wannan?"

"Ɗauki kawai, 'yata. Shekara shida yana tare min hanya. In kin tarar bikin auren wani ne a ciki, kada ki dawo min da shi."

Ba mu da na'urar kallo. Amma ƙungiyar fim ta ɗalibai tana da ita, a wani tsohon coci da suke haɗuwa duk Asabar da rana. Sjoerd ya lallaɓe su, suka yarda su sa namu kafin nasu. Na ƙi leƙa kaset ɗin, na buga wa Kaka waya. Ranar Asabar ta iso a jirgin ƙasa, sanye da rigar sanyinta ta zuwa coci, riƙe da kek ɗin tuffa wanda zai ishi mutum ashirin.

Fim ɗin baƙi da fari ne, babu murya. 'Yan mata shida suka taso a guje. Wata mai farar hula ta wuce kowa, saura ƙiris ta kai, sai ƙafarta ta goce, ta tafi suuu da ciki har cikin 'yan kallo. Cocin ya kaure da dariya da tafi.

Kaka ta gyara zama ta ce, "Wannan Aukje ce, ƙanwata. Ni ban taɓa faɗuwa ba."

Sjoerd ya ce, "Kaka, hancin nan fa naki ne."

"Kai, ci kek ka rufe min baki."

Sai kyamarar ta juya kan jama'a. Ga wani saurayi mai manyan kunnuwa yana sayar da miyar wake a tukunya, ya riƙe ciki yana ƙyaƙyata dariya har ludayi ya suɓuce masa. Kaka ta miƙe tsaye.

"Ku tsayar! Ku mayar min baya."

Kakana Tjibbe ne. Ya rasu ina shekara huɗu, kuma hotunansa uku ne kawai a gidan Kaka, duk ya ɗaure fuska. Ban taɓa sanin haka yake dariya ba. Sau huɗu aka mayar, ba wanda ya yi ƙorafi. Kaka ta share ido da safar hannu.

"Kun gan shi ko? Ni yake wa dariya, mara kunya. Daga baya ya kawo min miya wai ban-haƙuri."

Sjoerd ya ce, "Au, ba Aukje ba ce kenan?"

Ta kwaɗa masa safar a ka.

Ta zauna aka kalli fim ɗin ƙungiyar da ita, tana ta mitar surutun 'yan wasan ya yi yawa. Da muka raka ta tasha, kaset ɗin yana cikin jakarta, ba ta ko nemi izinina ba. Ta leƙo ta tagar jirgi ta ce, "Marrit, ki nemo min abin kallon nan kafin Lahadin mako mai zuwa. Zan kira kawunnanki su zo."

Washegari da safe ni da Sjoerd muka hau keke sai kasuwar 'yan gwanjo, neman na'urar kallo.