Ragar Auta

Shekara goma sha ɗaya ina sa wa tsuntsaye zobe, amma sunana bai taɓa hawa allo ba.

Aikin lokacin kaka ne. Idan ƙananan tsuntsaye masu waƙa suka taso ƙaura, mukan kafa raga a bakin fadama mu kama su. A auna fiffike da nauyi, a maƙala musu zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a sake su. Cikin dubu da ƙyar ɗaya yake sake faɗowa hannu. In ya faɗo, shugabar tasharmu ta binciken tsuntsaye takan rubuta suna biyu a allon da ke jikin rumfar aiki: wanda ya sa zoben, da mai ragar da ta kama shi.

Auta, ƙanena, tela ne. Ni na jawo shi bara don ya riƙa shan iska ranar hutu, riƙon filaya ma ni na koya masa. Kafin kakar ta ƙare ragarsa ta kai shi allo sau biyu, bana ta ƙara ɗaya. Na taya shi murna da baki, amma wallahi abin yana cina. Har mahaifiyarmu ta ce me zai hana in roƙi Auta ya nuna mini yadda ake yi. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni ce na zama mai kai masa taki.

Ran nan da hantsi ya manta jakunkunan yadi da muke sa tsuntsaye a ciki. Ya koma rumfa ɗaukowa, ya ce in duba masa ragarsa.

A can ƙarshenta na ga wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa ya sarƙe, kai a ƙasa, tsohon zobe a ƙafarsa. Na huɗu ke nan, na ce a raina. Na warware shi da sauri. Ban karanta lambar ba, don na san in na karanta dole in faɗa. Na buɗe hannuna. Ya tsallake ruwa ya sauka a kan wani reshe yana gyara gashinsa.

Auta ya iso da jakunkuna a wuya, ya ɗaga madubin hangen nesa.

"Yaya, kar ki motsa. Ga wani can mai zobe." Ya gyara madubin. "A ƙafar hagu yake. Duk tashar nan ke kaɗai ce bahaguwa, ke kaɗai kike sawa a hagu. Kuma dubi yadda ya dushe, ya yi shekara uku ko fi. Naki ne, Yaya. Ya je ya dawo."

Na kalli reshen da tsuntsun yake.

"Allah ya sa ya faɗo ragata," ya ce ƙasa-ƙasa, murna fal fuskarsa. "A rubuta mu a layi ɗaya, ni da ke."

Ya duƙa zai zagaya ya koro shi. Amma tsuntsun da ya fita daga raga yanzun nan ba ya komawa cikinta. Ya yi sama, ya bi 'yan'uwansa kudu.

Auta ya dawo yana ba ni haƙuri, wai saurinsa ne ya firgita shi. Sai ya ga ɗan gashi mai ruwan ƙasa maƙale a hannun rigata. Ya cire shi, ya dube shi, ya dubi inda ragarsa ta lotsa babu komai a ciki.

"Mu je, Yaya," ya ce. "Akwai sauran raguna."