Fitilu Bakwai a Lambun Inna

A gidansu Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Mai gyaran wuta ne, yana da ɗan shago kusa da tashar mota. Yayarsa ce ta laƙaba masa sunan tun ranar da ya kwance rediyon gidan yana yaro ya kasa mayarwa.

Shekara biyu ke nan mahaifiyarsu tana kwance. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, ya tafi da ƙafafunta da bakinta, ya bar mata hannun hagu da idanu. Yaya ce ta dawo gidan take jinyarta. Gadon Inna yana jikin tagar da ke kallon lambun bayan gida, wanda ita ta dasa komai a cikinsa, daga gwaiba da lemun tsami har na'a-na'a da furanni.

Wata rana Yaya ta ce masa, "Da rana tana kallon shukokinta, amma rana na faɗuwa sai ta zuba wa baƙin gilashi ido. Kai da kake haska gidajen mutane, ba za ka haska na uwarka ba?"

Ya ji kunya. Ranar hutunsa ya zo da kaya. Ya ƙi sa babbar fitila ɗaya, don irinta tana kashe ido ta mayar da lambu kamar filin ajiye motoci. Gajerun fitilu bakwai ya kafa a bakin 'yar hanyar duwatsun da ta tashi daga ƙofar kicin ta ratsa lambun, kowace iya gwiwa, haskenta ruwan ɗorawa yana kallon ƙasa. Ya sa wa kowace na'urar jin motsi, yadda sai mutum ya zo dab da ita za ta kama, in ya wuce ta mutu. Ya ce in Yaya ta fita ban ruwa, Inna za ta riƙa bin ta da ido.

Bayan kwana uku Yaya ta kira shi a waya. "Injiniya, aikinka ya soma halinsa. Fitilun nan kunna kansu suke."

"Kyanwa ce, Yaya."

"To zo ka ga kyanwar."

Ya zo da la'asar sakaliya, ya gwada kowace waya da mitarsa, bai samu komai ba. Ya ja kujera ya zauna a baranda. Duhu ya fara shiga, ba iska, ganye ko ɗaya ba ya motsi. Sai fitilar farko, ta bakin ƙofar kicin, ta kama. Ta mutu, ta biyu ta kama. Da aka zo ta uku, wadda ke kusa da famfo, hasken ya tsaya ya daɗe. Ya sa ido sosai. Ba kowa a wurin, sai famfo da tsohon bokiti a kife. Can ta mutu, ta huɗu ta kama, amma yanzu tafiyar ta rage sauri.

Yaya ta fito ta tsaya bayansa, ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Ka lura? Wurin famfo daidai cikar bokiti ake tsayawa. Daga nan kuma tafiyar mai ɗauke da ruwa ce."

Ya san wannan tafiyar, irin ta Inna ce. Shekara ashirin yana ganinta kowace yamma. Hasken ya je ta bakwai gindin gwaiba, ya ɗan jima, ya juyo ɗaya bayan ɗaya har ƙofar kicin.

Washegari Yaya ta sa shi ya zauna a ɗakin Inna maimakon baranda. Lokacin na yi, Inna ta lumshe ido. Numfashinta ya yi ƙasa har sai ya kasa kunne kafin ya ji. Ta taga ya ga fitilar farko ta kama. Hannunta na hagu, da ke kan bargo, ya dunƙule a hankali kamar ta riƙe mariƙin bokiti. Ya taɓa tafin ƙafarta, ya ji shi da sanyi kamar dutsen da aka yi wa yayyafi. Da hasken ya dawo bakin ƙofa ya mutu, sai ta buɗe ido ta dube shi, irin duban da take masa in ya shigo mata da takalmi kan tabarma.

Tsoro ya kama shi, kuma tsoron ya zo masa da fushi. Ya fita ya kashe layin lambun daga babban makunni, ya ce na'urorin jabu ne, gobe zai kwance su ya mayar wa mai kanti. Ya ajiye akwatin kayan aikinsa na ƙarfe a kan hanyar duwatsun don ya fara da wuri. Amma goben aiki ya riƙe shi a wani gini, bai samu zuwa ba.

Washegari da safe Yaya ta tare shi tun daga ƙofa, ta ja shi ɗakin ta yaye bargon. Ƙwaurin Inna na dama ya kumbura ya yi baƙi, da 'yar tsaga a tsakiya.

"Ni na kwantar da ita, ni na tashe ta," in ji Yaya. "Ba ta faɗo ba, ba abin da ya faɗo mata."

Ya fita lambu. Akwatin yana nan, sai dai ya goce daga inda ya bar shi, kusurwarsa ta ja layi a ƙasa. Ya ɗauke shi, ya mayar da wutar, ya share hanyar tas, ya cire wata saiwa da ta turo tsakanin duwatsu. Sannan ya shiga ya durƙusa gaban gadon.

"Inna, ki yafe mini. Ban sani ba."

Ta ɗora hannunta a kansa na ɗan lokaci, ta janye.

Daga ranar ya riƙa rufe shago da wuri. Shi da Yaya ba su gaya wa kowa ba, har matarsa. Suka saba, har Yaya takan ce, "Ka ɗauke tiyon nan daga hanya, Inna ta kusa fita."

Wata yamma da damina hasken ya kai ta bakwai ya mutu, bai juyo ba. Minti biyar, minti goma. Yana zaune a baranda Yaya ta leƙo ta taga fuskarta a sauye.

"Ba na jin numfashinta."

Ya ɗauki tocila ya bi ta kan ciyawa, nesa da fitilun don kada motsinsa ya kunna su. Bayan gwaiba, inda haskensa bai kai ba, akwai tsohuwar ƙofar langa-langa da ke fita wani fili. Kullum a sakace take. Ya same ta a buɗe, faɗin tafin hannu. Ya tsaya bakinta, bai leƙa ba. Muryarsa ta fito kamar ta yaro.

"Inna, dare ya yi. Ki zo mu koma."

Ba fitilar da ta kama. Ya sake faɗa. Sai fitila ta bakwai ta kama a bayansa. Ya juya ya bi gefen hanyar, fitilun suna kamawa ɗaya bayan ɗaya a hankali, yana rage sauri don kada ya wuce ta. Suna isa ƙofar kicin ya ji tarin Inna daga ciki.

Da gari ya waye ya kawo bulo da siminti, ya cire ƙofar ya toshe wurin da hannunsa. Yaya tana tsaye tana kallo, ba ta hana shi ba, ba ta kuma taya shi ba. Da ya gama ya wanke hannu ya shiga gaishe da Inna. Tana ganinsa ta juya fuskarta bango, ta san ya toshe mata hanya. Sati guda ta yi ba ta karɓi ko ruwa daga hannunsa ba, sai daga hannun Yaya.