Famfon Ƙofar Gidan Mushe Sulaiman

Shekara talatin Mushe Sulaiman, haka ake kiran malamin boko a Zinder, ya yi yana koyar da lissafi a lakwal, abin da ya tsira da shi kuwa tabarau ne mai ƙafa ɗaya, da ɗan littafin doka da ya saya a bakin tasha, da famfon unguwa da Allah ya dasa a ƙofar gidansa. Na ƙarshen nan shi ne dukiyar. A Zinder mai famfo a ƙofa ko da ƙafa yake yawo ana gaishe shi da mota. Matarsa Rahina ma, da gwiwarta ta dama ta daina lanƙwasuwa, taku goma ne tsakaninta da ruwa.

Ran nan aka wayi gari da takarda manne a jikin famfon. Hukuma ta yanke a tuge shi, wai ya tare hanya. Hanyar kuwa jaki biyu ba sa giftawa tare. Kowa ya san surukin wani ne ya gina rijiyar sayar da ruwa can bayan duwatsu, yana jiran masu ƙishirwa.

Sulaiman ya duba sa hannun, ya yi murmushi. Ɗanƙarami ne, shef na biro, wato shugaban ofishin da ke kula da famfunan unguwanni, tsohon ɗalibinsa, wanda ya maimaita aji sau biyu.

"Doka ta ba mu wata biyu mu kai kuka wurin wanda ya yanke," ya ce wa Rahina yana buga littafin a tafin hannu. "In ya ƙi, sai gaban alƙali."

"To Malam, ka kai gobe mana."

"Ba a kai wa hukuma takarda da gaggawa. Sai an gyara Faransancin."

Kwana ashirin da biyu ya yi yana gyaran Faransanci da bin gida gida ana dangwala yatsa. Ranar da ya goge rigarsa zai tafi, aka yi shelar rasuwar mahaifiyar Ɗanƙarami.

Ya tafi gaisuwa, takardar na aljihu. Ya zauna a tabarma yana jin ta tana sukar ƙirjinsa, amma wa zai miƙa wa maraya ƙara a zaman makoki? Rahina kuwa ta bi matan unguwa, suka yi ta jidar ruwa zuwa gidan rasuwa kamar yadda aka saba, a jarkokin da ake kira bido, bido bayan bido, daga famfon nan dai, tana jan ƙafa.

Bayan sadakar bakwai shef ya koma aiki. Sulaiman ya same shi, ya sake yin ta'aziyya, sannan ya soma zaro takardar. Ɗanƙarami ya dafa hannunsa, idanu jawur.

"Mushe, ƙasar kabarin Inna ko bushewa ba ta yi ba. Kai ubana ne. Bari a yi arba'in, ni da kaina zan karɓa."

Kunya ta rufe Sulaiman har ya ba shi haƙuri. A hanya yana ta yaba wa kansa, wai ya iya tarbiyya.

"Ka dai karɓo hatimi ko?" in ji Rahina.

"Ke ba ki san mutunci ba. Yaron nan har hawaye ya yi."

"Na san gwiwata."

Ranar arba'in Sulaiman ne a sahun gaba. Shi ya fi kowa ɗaga murya wurin amin, ya ci waina biyar, aka ƙunsa masa goro. Washegari tun kafin a share biro yana bakin ƙofa.

Ɗanƙarami ya tarbe shi da fara'a, ya ba shi kujera, ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, har da gyaɗa kai a wuraren da Faransancin ya yi daɗi. Sannan ya sauko da kalanda daga bango, ya shimfiɗa a gabansa.

"Mushe, ashirin da biyu a tara da arba'in, a ƙara yau?"

Ɗanƙarami ya ɗora yatsa a kan kalandar.

"Sittin da uku. Wata biyu ya wuce. Ka ga dai karatunka bai tafi banza ba." Ya buga hatimi, ya rubuta an makara a gefe, ya hura tawadar. "Da shekaranjiya ka zo, wallahi da ba ni da yadda zan yi."

"Kai ka ce in bari a yi arba'in."

"A rubuce?" Ya miƙa masa takardar da hannu biyu, da ladabi. "A gaida Inna Rahina. Ruwan da ta kawo mana ya yi albarka ƙwarai."

Kafin azahar ma'aikata biyu sun zo da zarto. Ba su fi ɗan shan shayi ba suka gama, suka cusa guntun itace a bakin bututun. Waɗanda suka dangwala yatsa suna wucewa ba sallama.

Da la'asar Rahina ta fito da bido biyu. Sulaiman na zaune a dakali, littafin doka a cinya, ya yunƙura zai karɓi ɗaya.

"Zauna, Malam," ta ce. "Kar rigar ta yamutse."

Ta nufi bayan duwatsu, ƙafar dama na jan layi a ƙasa.