Garin Tukwanen Jere

Duk wanda ya san Mande a Murter, garin masunta na bakin teku, ya san ba a riƙe mata kwano a kwana lafiya. In ta aiko maka da ɓaure a faranti, farantin zai koma, kuma ba wayam ba. In ta zo maka gaisuwar mutuwa, tana sane da ranar da kai ba ka je mata ba. Mutum ɗaya ne ya ɗauki abinta ya shiga kabari bai mayar ba, shi ne mijinta Jere.

Tukunya ce ta ƙasa, mai kunne biyu da zanen shuɗi a wuya, wadda uwarta ta ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Shi kuwa Jere masunci ne, yana da wata ɗabi'a irin ta tsofaffin masuntan wurin. A ɗan tsibirin da ya gada wajen kakansa, inda babu komai sai duwatsu da itatuwan zaitun da ɓaure ɗaya da ɗaki guda, akwai wani lungu da teku ke kwanciya luf. Nan yake nutsar da tsofaffin tukwane, domin kifin nan mai hannu takwas ba abin da yake so kamar rami mai ƙaramin baki. Ya samu tukunya, ya samu gida. In Jere na son ɗaya na miya sai ya leƙa ya zaɓa, saura ya bar su su hayayyafa. Fasassun tukwanen unguwa duk can suka ƙare. Da masu tsaga suka ƙare sai ya ɗauki lafiyayya.

"Jere, ina tukunyar uwata?"

"Tana aiki."

"Aikin me?"

"Na sa mata ɗan haya. Mutumin kirki, ba ya shan giya, ba ya faɗa da maƙwabta. Ki zo ki gani mana, Mande. Gari guda na gina a ƙasan nan, har da layi-layi. Taki ce a tsakiya, ita ce coci."

"Ka fito mini da ita in gani a kan murhu."

Haka suka yi ta yi har gashinsu ya yi fari. Matan zamanin Mande an haife su a bakin teku, sun wanke ulu a cikinsa, sun ci daga cikinsa, amma ba sa iyo. Ruwa na maza ne da kifi. To amma ba sai ta yi iyo ba, leƙawa kawai za ta yi daga kwale-kwale, kuma Jere ya sha cewa zai tuƙa ta. Ita ce ta ƙi. A lissafinta, ranar da ta leƙa ta ce kai, ya yi kyau, ranar ta yafe ke nan. Kuma faɗan tukunyar nan yana da daɗi. Shi ne gishirin tuwon darensu, wa zai so ya ƙare?

Sai Jere ya kwanta ciwo wani lokacin sanyi, bai tashi ba. Allah ya ji ƙansa.

Ɗansu Roko ya ɗauki jirgin uban ya shafa masa farin fenti, ya sa rumfa da matasai, ya koma ɗaukar baƙi 'yan yawon buɗe ido. Ba irin jiragen nan da ake cusa mutane kamar kifin gwangwani ba. Iyali ɗaya ko miji da mata su ɗauki jirgin yini guda, ya kai su tsibirin, su sa gilashin ido da bututun numfashi su kwanta a kan ruwa suna kallon ƙasa, Mande kuwa ta gasa musu kifi a bakin teku. Baƙi suna sonta. Suna ɗaukar hotonta da baƙin ɗankwali kamar wata tsohuwar hasumiya.

Ranar da nake ba ku labari ita ce fita ta ƙarshe a shekarar, zafi ya fara raguwa. Kuma ita ce ta ƙarshe ga Mande, don Roko ya riga ya gaya mata. Gwiwarta ta ƙi. Sai maza biyu sun kama ta kafin ta shiga jirgi, baɗi kuma matarsa Dinka ce za ta riƙa zuwa.

"Dinka," in ji Mande, tana zaune kusa da injin da kwandon kifi tsakanin ƙafafunta. "Wadda ke juya kifi sau uku kamar mai neman kuɗi a aljihunsa."

"Ke kika koya mata, Mama."

"Na koya mata, ban ce ta iya ba."

"Likita ya ce in kika sake faɗuwa a kan dutse, sai dai a kawo ki gida a buhu biyu."

"Likitan da ko ƙayar kifi bai iya cirewa ba? Kalli gabanka, malam direba, kar ka hau mana kan dutse da baƙin mutane."

Baƙin Jamusawa ne, wata doguwar mata mai suna Heike da mijinta Uwe, wanda rana ta riga ta mai da shi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa. Ba sa jin abin da ake faɗa, amma suna dariya duk sanda Roko ya yi.

Tun daren jiya Mande ta ƙulla a ranta yau za ta ce wa Roko ya tuƙa ta ta leƙa. Kalma nawa ce? Amma da suka isa, aka sauke ta a kan tsakuwa, sai bakin ya yi nauyi. Yaron nan ya tashi yana jin faɗan tukunya tun yana goye. In ta ce tana son gani, zai yi mata irin kallon nan na tausayi, ita kuwa gara a zage ta da a tausaya mata. Sai ta hura wuta da busassun rassan zaitun, ta ɗora dankali da ganye, ta tsaga kifin ta cusa musu tafarnuwa da gishiri.

Daga inda take tana hango su. Bayan Heike da na Uwe suna yawo a kan ruwa, bututu biyu a tsaye, daidai saman garin Jere. Sukan tsaya cak, ɗaya ya taɓa ɗaya ya nuna ƙasa. Mutanen da ba su san Jere ba, ba su taɓa jin warin tabarsa ba, ba su san yadda yake tari kafin ya yi ƙarya ba, su ne ke shawagi a kan abin da ya gina da hannunsa. Duk bazara haka take kallonsu, Faransawa, Turawan Ingila, har da yara ƙanana. Kowa ya gani. Mai tukunyar ce kaɗai ba ta gani ba. Hayaƙi ya shiga idonta, ta bar shi ya yi aikinsa.

Aka ci abinci a inuwar ɓaure. Kifin ya yi yadda ake so, fata ta ƙone kaɗan, ciki fari fat. Ta zuba musu man zaitun na gida, ta tura wa Uwe burodi ya lashe farantin. Heike ta tambayi Roko wani abu tana zana tukunya da hannu a iska. Roko ya gyara zama. Mande ba ta jin Jamusanci, amma ta san wannan labarin, ta san inda ake dariya a cikinsa. Ga shi ya nuna ta, ga shi ya kama ƙugu yana kwaikwayon muryarta.

"Ka gama sayar da ni?" ta ce.

"Suna so ne, Mama. Ta ce ke jaruma ce."

"Ka ce mata ta ci ɓaure."

Bayan abinci Uwe ya miƙe a inuwa ya rufe fuska da hula. Roko ya hau jirgi yana duba injin. Mande tana goge faranti da yashi, tana cewa a ranta, yanzu, da ya sauko zan faɗa masa. Ba ta lura Heike ta koma ruwa ba sai da inuwa ta faɗo mata a kan hannu.

Matar ce tsaye, ruwa na zuba daga gashinta, tana haki, tana murmushi har kunne. Ta durƙusa ta ajiye abu a gaban Mande da hannu biyu.

"Nona," ta ce, wato kaka, kalmar da ta iya ke nan.

Tukunyar ce. Kunnuwan biyu suna nan. Ta fi yadda Mande ke tunawa ƙanƙanta. Ƙananan katantanwa da gansakuka sun rufe ta ruf, zanen shuɗin sai ɗan wuri kamar faɗin farce. Mande ta karkata ta, ruwa ya zubo, da ɓawon ƙaguwa da 'yan tsakuwoyi masu santsi, irin waɗanda mai hannu takwas ke tarawa a ƙofar gidansa. Ɗan hayan ya gudu.

Roko ya diro daga jirgi ya zo da sauri. Heike ta yi masa magana, ya saurara, ya sosa ƙeya.

"Ta ce wai yau an biya ki."

Mande ta ɗora hannu a kan tukunyar. Shekara da shekaru tana cewa a fito mata da ita, ga ta an fito da ita, sai ta ji kamar an ɗauko dutsen kan kabarin Jere an ajiye mata a cinya. Muddin tukunyar na can ƙasa, akwai sauran magana tsakaninta da shi. Yanzu fa?

Amma baƙuwa ce, kuma alheri ta nufa, numfashinta ta riƙe ta nutsa don wata tsohuwa da ba ta haɗa komai da ita ba. Wannan ba a mayar da shi da ɓacin fuska. Mande ta kama hannun matar mai sanyi ta matse, ta shafa mata kumatu.

"Ka ce mata na gode, ta yi abin da ɗana bai taɓa tunanin yi ba. Sannan ka kwance ƙaramin kwale-kwale."

"Na me?"

"Ta rushe wa ubanka coci. Za mu mayar."

"Kawo in kai, minti nawa ne."

"Na ce za mu."

Ya dube ta. Ta ga kallon nan yana tahowa, ta tare shi. "In ka yi mini fuskar jana'iza, da wannan tukunyar zan fasa maka kai."

Sai da aka ta da Uwe kafin aka sa ta a kwale-kwalen. Roko ya tura shi yana iyo, Heike ta gane abin da ake ciki, kunya ta kama ta, ta bi su ta riƙe ɗaya gefen don kar ya karkata. Roko ya miƙo wa uwar gilashin ido. Ta sa, ya toshe mata hanci, ta fizge shi.

"Wannan ai shaƙe mutum ake yi. Ubanka da wannan yake gani? Miƙo mini kwalbar mai, na sa ta a kwando. Da yashi, cikin hannu."

Iskar la'asar ta fara tasowa, fuskar ruwan duk ta yi ƙananan tamoji, ba a ganin komai sai walƙiya. Mande ta zuba man zaitun a kan yashin da ke tafinta, ta murza, ta watsa a gaban kwale-kwalen, yadda ta sha hango Jere yana yi daga bakin murhu in ta rako shi tsibirin. Yashin ya nutse, man ya bazu. Ruwan ya kwanta, ya buɗe kamar an zuge labule.

Ta kama gefen katako ta sunkuya.

Idonta ba na da ba ne, sai da ta ɗan jira kafin ƙasa ta taho. Farin yashi, ciyawa na kaɗawa a hankali, wasu 'yan kifi masu ratsin baƙi. Sannan tukwanen. Ashe ba ƙarya yake ba, layi-layi ne, da hanya a tsakani, kowace an tokare ta da dutse don kar ta mirgina. Ga tulun maƙwabciyarta Luce mai karyayyen wuya. Ga kaskon da ita da kanta ta jefi Jere da shi wata ranar Lahadi. Daga bakin wata tukunya hannu guda ya leƙo, ya naɗe, ya koma. A tsakiya kuwa fili ne, da zagayen duwatsu da ramin da tukunyarta ta bari.

Roko ya karɓi tukunyar ya ja numfashi ya nutsa. Tana kallon tafin ƙafarsa yana ƙanƙancewa. Ya ajiye ta a ramin ya taso.

"Ba haka take ba," ta ce. "Ka juya bakinta. Ba ka ga sauran ba? Duk bakinsu gaɓa yake kallo, wajen murhuna."

Roko ya share ruwa daga fuska. "Saboda igiyar ruwa ne, Mama. In baki ya kalli teku yashi ke cika su."

"Na tambaye ka?"

Ya sake nutsawa ya juya ta, ya tokare da dutse, har ya tattara 'yan tsakuwoyi ya zuba a ƙofar.

Man ya fara yaɗuwa, iska na cin gefensa, garin yana rawa yana dusashewa. Mande ta sake zuba mai a hannu, babu sauran yashi, ta yarfa shi haka nan. Ya buɗe kaɗan.

"Mama, iska na ƙaruwa. Baƙin nan suna da jirgin da za su kama."

"Zai dawo?"

"Wa?"

"Ɗan hayan."

"In ya ga shiru zai dawo. Ko shi ko wani. Ba ya fitowa ana tsaye a kansa."

Ta gyaɗa kai, amma ba ta ɗago ba. Ɗankwalinta ya zame, gefensa ya jiƙe. Heike na riƙe da kwale-kwalen, leɓenta ya fara shuɗi don sanyi, ba ta saki ba. Mande ta kifa kwalbar, ta girgiza, ɗigo biyu uku suka faɗa. Wani ɗan wuri ya buɗe, bai fi faɗin faranti ba, daidai kan tukunyar. Bakinta baƙi ne, ba kowa a ciki.

"Ku ɗan ƙara riƙewa," ta ce.