Yatsu Biyu Daga Bindigar Orval

Tun da aka binne Orval Tveit, lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa, karensa Otto bai ƙara shiga ɗaki ba. Ya tare a baranda, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, ya zuba wa hanyar gona ido. Marlys, matar marigayin, ta gwada shi da naman kaza, ta gwada shi da lallashi, har faɗa ta yi masa. Sai ya kaɗa mata wutsiya sau ɗaya don kara, ya mayar da kai inda yake.

Duk da haka shi ne abokin hirarta. 'Ya'yanta suna birni, gonar masarar an ba maƙwabci haya, gidan ya yi mata girma. Da safe takan fito da kofinta ta zauna kusa da shi ta ba shi labarin duniya, ba ya amsawa, ba ya kuma musu. Orval ma kusan haka yake.

Ran nan sai ga Duane, ƙanen mijinta, ya tsaya da a-kori-kurarsa a ƙofar gida. Mutum ne mai tumbi da faɗin murya, ba mugu ba, sai dai bai taɓa jin wata magana ta fi tasa daɗi ba. Ya cire hula, ya sha kofi, ya yi zancen ruwan sama, sannan ya zo kan abin da ya kawo shi.

"Marlys, kin dai ji abin da ya ce a asibiti."

"Na ji mana. Ai ni ina wurin, kai ne ka fita neman abin taɓawa."

"Ya ce kada a bar Otto ya tsufa a baranda, a ba wanda zai kai shi daji. Karen farauta ne, ba kyanwa ba. In kaka ta yi zan zo in tafi da shi."

Gaskiya ce, Orval ya faɗa, kuma ba ta da niyyar taka maganar mamaci. Ta dubi karen, ta dubi Duane.

"Cewa ya yi wanda zai kai shi daji. Bai ce Duane ba. Ni zan kai shi."

Duane ya yi dariya har kofi ya sarƙe shi. "Ke? Shekara arba'in kina dafa mana tsuntsu, ko sau ɗaya kin taɓa jan kunama?"

"Kai ma shekara arba'in kana ja, nawa ka kawo mini?"

"To, ranar buɗe farauta ai tana nan tafe," in ji shi, yana goge ido. "In kika kayar masa da zakaran daji, karen naki ne. In ba haka ba, kada ki ce na yi miki ƙwace."

Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, Larabar farko ta ɗauko bindigar Orval daga kabad. Tsohuwa ce mai baki biyu, ta babansu, ita ya gada. Tana karya ta a gaɓa, kamar za ta sa harsashi, ta mayar, ƙarfen ya ce ƙas, sai ga Otto a bakin ƙofa, kunnuwa a tsaye. Ya riga ta zuwa mota. Daga ranar, Laraba ce kaɗai ranar da yake tashi da kansa.

Filin harbin faifai yana bayan gari, kusa da rumbunan hatsi. Mutum yakan tsaya, ya kira, inji ya cillo faifan yumɓu sama, shi kuma ya harba. Mazan wurin suka karɓe ta hannu biyu, kuma nan take kowa ya zama malami. Wannan ya ce ta rufe ido ɗaya, wancan ya ce kul, ta buɗe duka biyu. Wani da bai fasa komai ba tun bara shi ya fi kowa bayani. Ita dai tana kira tana harbawa, fayafayan suna tafiya abinsu su sauka cikin ciyawa lafiya lau. Bindigar kuwa duk harbi sai ta shure ta a kunci. Ranar Lahadi a coci matan mawaƙa suka yi ta satar kallon fuskarta, har ɗaya ta ja ta gefe ta tambaye ta ko faɗuwa ta yi a banɗaki.

Haka watannin zafi suka wuce. Masara ta yi kai, ta fara bushewa, ita kuwa in ta fasa faifai uku a yini sai a tafa mata. Tafin ya fi shurin bindigar yi mata ciwo.

"Ta fi ƙarfinki," in ji Duane. "Ki je wajen Arlo ya ba ki 'yar ƙarama ta mata, mara nauyi."

Arlo Vondra shi ne mai gyaran bindiga na garin, shagonsa yana bayan gidan mai. Siriri ne, ya kurumce rabi da rabi saboda ƙarar harbi, saboda haka yana magana kamar yana kiran mutum daga ƙetaren kogi. Ya karɓi bindigar Orval ya shafa ta kamar ya ga tsohon aboki. Ya nuna mata wani wuri a jikin icen ƙota da ya yi baƙi ya yi santsi.

"Kin ga nan? Nan kuncin Orval yake sauka. Kafin shi, na babansu. Ɗaga in gani."

Ta ɗaga.

"Ai ga ta nan. Naki yana sauka can baya. Ƙotar ta yi miki tsawo, idonki ba ya kan baki, ke kina kallon gabas ita tana kallon arewa. Kayan aro ba ya rufe katara, Marlys."

Ya jero mata uku a kan tebur. Ta farko doguwa ce, mai nauyi. "Wannan don faifai aka yi ta, tana jefa harsashi sama kaɗan, tunda faifai tashi yake yi. A fili ba ta da na biyu. Amma ki saɓa ta ki yini kina ratsa ciyawa, kafaɗarki sai ta kai ƙararki." Ta biyu ita ce 'yar ƙaramar da Duane ya faɗa. Arlo ya ɗaga ta da yatsu biyu ya yi tsaki. "Duk mijin da yake son matarsa ta daina binsa farauta, wannan yake saya mata. Ba nauyi, sai shuri kamar jaki." Ta ukun matsakaiciya ce, baƙa, ƙotar roba, ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma ya ce tana haɗiye shurinta, kuma za ta yi mata fili ta yi mata daji.

"Rufe ido. Ɗaga. To, buɗe."

Ta buɗe, sai ta ga idonta ya miƙe sambal a kan bakin bindigar. Arlo ya ce ta tafi da ita ta gwada.

Ta biya filin a ranar, ba kowa sai mai kula da injin. Faifan farko ya tarwatse ya zama ƙura. Na biyu ma haka. Ta fasa fiye da abin da ta fasa tun farkon zafi, kuncinta kuma lafiya. Ta koma gida tana waƙa a mota, abin da rabonta da yi tun kafin asibiti.

Da Laraba ta zagayo ta fito baranda da sabuwar a hannu. "Otto, tashi mu je." Ya ɗago, ya zo ya shinshina ta daga baki har gindi, ya dubi Marlys, ya koma ya kwanta. Ta buɗe ƙarfen ta rufe don ya ji ƙara. Ko kunne bai motsa ba. Ta daɗe a tsaye, ranta a ɓace, har ta ce masa butulu. Amma ta gane. Ga bindigar da take iya harbi da ita, kare ba ya bin ta. Ga wadda kare yake bi, ita ba ta iya harbi da ita.

Washegari ta koma shagon Arlo da duka biyun. Ta tarar da Duane a zaune kan kujerar da tsofaffin garin suke shan kofi kyauta. Ta ajiye baƙar a kan tebur ta yi godiya, ta tura wa Arlo ta Orval.

"Yanke ta."

Arlo ya kai hannu kunne. "Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai. Nawa za a rage ta yi mini daidai?"

"Kamar yatsu biyu. Amma Marlys..." Ya saci kallon Duane.

A ƙasar nan mutum yakan sayar da gona, ya rushe rumbun kakansa, ba mai ce masa kanzil. Amma ya sa zarto a bindigar uba, wannan sai a yi ta zancensa har jikoki. Duane ya miƙe, fuskarsa ta yi ja.

"Bindigar babanmu ce! Da ita ya ciyar da mu shekarar da fari ya cinye gona. Na bar miki ita don ta Orval ce, ba don ki mayar da ita itacen wuta ba."

"Na sani, Duane." Ba ta ɗaga murya ba. "In ban yanke ba, kabad za ta koma. Kana so ta tsufa a kabad, kamar yadda ka ce kada Otto ya tsufa a baranda?"

Ya ɗauki hularsa ya fita, bai ko shanye kofin ba.

Arlo ya auna ya sake aunawa. Da zarton ya kama icen, Marlys ta juya baya, don ji ta yi kamar a jikinta ake yi. Ya goge, ya mayar da robar gindin, ya miƙa mata guntun da ya cire, ta jefa a aljihun rigar sanyinta.

"Rufe ido. Ɗaga."

Ta ɗaga. Kuncinta ya sauka a wani wuri mai santsi, mai ɗan kwari, kamar an daɗe ana gyara mata shi. Ba sai ta buɗe ido ba ta san wurin kuncin Orval ne. Ta tsaya a haka, hawaye yana bin icen. Arlo ya juya ya shiga neman wani abu a cikin durowa, ya daɗe bai same shi ba.

Makonnin da suka rage ta yi su a filin faifai. Ba ta kai yadda take da baƙar ba, tsohuwar tana da nauyi kuma har yanzu tana ɗan shuri, amma abin da ta kalla nan harsashin yake zuwa. Duane bai ƙara leƙo filin ba.

Ranar buɗe farauta ta zo da sanyi da rana fes. Dangi da maƙwabta suka taru a bakin gonar da aka girbe, kowa da hularsa ruwan goro. A karon farko tukunyar wake da naman tana hannun wata, Marlys tana cikin layi. Duane ya gaishe ta a daƙile, ya tsaya daga damanta. Ta hango sabuwar igiyar kare tana leƙowa daga aljihunsa.

Suka shiga cikin karan masara a jere, Otto a gaba, hanci a ƙasa, yana kai da kawo kamar ba shi ne na baranda ba. Tsuntsu ya tashi fir a gabanta, ta ɗaga, aka yi ihu, "Kaza!" Ta sauke, don ba a harbin mace. Zakara ya tashi daga can hagu, wani ya kayar. Wani zakaran ya tashi kusa da ita, ta yi gaggawa, ta harbi iska. Duane bai yi mata tsiya ba, ita kuwa ta fi son ya yi.

Sun kusa ƙarshen gonar, inda ciyawa ta yi duhu a bakin rafi, Otto ya tsaya cak, jikinsa yana rawa. Ta matsa a hankali. Ciyawar ta fashe, sai ga tsuntsu ja da kore da doguwar wutsiya, yana ƙyarƙyara.

"Zakara!"

Kuncinta ya sami wurinsa. Ta ja kunama, a daidai lokacin ta Duane ma ta tashi. Tsuntsun ya naɗe ya faɗo.

"Nawa ne, ina jin," in ji Duane, amma muryar ba ta da ƙarfin da ta saba.

Otto ya fito daga ciyawa da zakaran a baki. Ya tsaya. Ya dubi layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kowa kuma ya san wanda yake nema. Ba wanda ya yi motsi. Duane ya durƙusa ya miƙa hannu. Marlys ba ta kira shi ba, ta kasa. Ta dai karya bindigar ta cire kwanson, ta mayar, ƙarfen ya ce ƙas.

Karen ya juyo. Ya wuce hannun Duane, ya zagaya ta bayanta, ya zauna a ƙafarta ta hagu, inda ya saba zama wa Orval, ya ɗaga mata tsuntsun.

Ta karɓa, da ɗuminsa. Duane ya miƙe da ƙyar, yana kaɗe gwiwa.

"Ni dama sama na harba," ya ce. "Kowa ya gani."

"Shekara arba'in kenan kowa yana gani."

Ya yi 'yar dariya, ya share hanci. Ya zaro igiyar daga aljihu ya miƙa mata. Ita kuma ta laluba nata aljihun ta ciro guntun icen nan, yatsu biyu, ta sa masa a tafin hannu. Ya juya shi, ya shafa da babban yatsa, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sa shi a aljihun ƙirji ya ɓalla maɓalli.