Farfesa Cataldo da Jirgin Ƙarƙashin Teku

Duk birnin Taranto na ƙasar Italiya an san Farfesa Cataldo da taurin kai. Ya tsufa yana koyar da harshen Latin, ya so 'yarsa Nunzia ta gaje shi, ita kuwa ta tsallake ta shiga sojan ruwa, ruwan ma na jirgin da ke nutsewa. Tun ranar ya daina yi mata magana, alhali kewarta na cinsa.

Ranar da jirgin su Nunzia zai yi tafiyar watanni, ya rantse ba zai je rakiya ba. Ya tafi shagon Mimmo mai kofi, ya tare mutane da lacca.

"Sunan da duniya ke kiran jirgin nan, submarine, daga Latin na kakanninmu ya fito. Sub, ƙarƙashi. Mare, teku. Ƙarƙashin teku! Wa ke zama can? Kifi da gawa."

"Da 'yarka, Farfesa," in ji Mimmo.

"Kai dai zuba kofi, sarkin surutu."

Sai ga jiniya, za a juya gadar mashigin teku gefe jirgi ya wuce. Kowa ya ajiye kofinsa ya nufi bakin ruwa, don a garin nan ba a barin jirgin soja ya fita babu mai ɗaga masa hannu. Cataldo ya ce shi iska kawai zai sha. Iskar kuwa da gudu aka je shanta.

Jirgin ya taho baƙi wuluk, sojoji sun jeru a bayansa sun ƙame suna sara wa gari. Kaya iri ɗaya, hula iri ɗaya, ga idon tsufa. Ya duba, ya sake dubawa, ya kasa gane tasa. Za ta nutse ke nan tana zaton bai zo ba.

Mutumin da ya iya jawabin sarakunan Rum da ka ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Nunzia! Kin ɗauki rigar sanyi kuwa?"

Bakin ruwa ya kece da dariya. Sojan da ya ƙame ba ya motsi, kowa ya sani. Amma can kusa da ƙarshen layi, hannu ɗaya ya sauko daga goshi, ya share ido, ya koma.

"Ga ta can," in ji Cataldo, yana jan hannun wani da bai taɓa gani ba. "Waccan da za a hukunta, tawa ce."